Guzurin ruwa: gora, salka ko bido?



An gama aikin kaka, rani ya shigo. Lokacin tahiye-tahiye ke nan. Samari sun ɗaure kaya za su ci-rani. Makiyaya sun fara neman rijiyoyi masu nisa. Mata suna wuni daji wajen itace. Masu cin kasuwa suna sammako da jakai da amalanke, ba su komowa gida sai dare.

Kowane matahiyi yana tunawa da guzurin abinci: gari, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku. Amma babban guzuri shi ne ruwa. Mutum yana iya yin kwana da kwanaki da yunwa. Ƙishirwa kuwa ba ta jira. Wanda bai sha ruwa ba ko kaɗan, da wuya ya wuce kwana 3. Cikin zahin bazara ma ba ya kai haka.

To, cikin mi za mu zuba ruwan? Kakanninmu gora da salka suka sani. Yau kasuwa ta cika da bido da butalin roba da tarmus. Wani ya ce na dauri ya hi, wani ya ce na zamani ya hi. A wannan darasi za mu ɗauke su ɗaya-ɗaya, mu yi ma kowane tambaya huɗu:

1. Ruwa nawa yake ɗauka?
2. Yana sanyaya ruwa?
3. Yana tsare tsabtar ruwa?
4. Yana jure wahalar hanya?

RUWA NAWA MATAHIYI YAKE BUKATA?

Mu fara da awo. Ruwa litar 1, nauyinsa kilo 1 ne. Wanda ya ɗauki litar 5, ya ɗauki kilo 5. Wanda ya aza ma jaki litar 40, ya aza masa kilo 40. Shi ya sa matahiyi yake son rage ruwa don kaya su yi sauƙi. Nan ne haɗari yake farawa.

A watannin Afrilu da Mayu zahi yakan wuce digiri 40 cikin inuwa, wata rana ya kai 45. Mai tahiyar ƙasa cikin irin wannan rana, zufa tana iya hidda masa litar 1 daga jiki cikin awa guda. In iska mai zahi tana busawa, zufar takan bushe nan take. Mutum ba ya ganinta, amma ruwan jikinsa yana tahiya. Saboda haka mai wuni bisa hanya da bazara ya yi lissahin litar 6 zuwa 8 don kansa shi kaɗai. Da hunturu abin ya hi sauƙi. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ƙari. Yaro kuma ya hi babba saurin galabaita.

Jiki yana ba da alama. In hitsari ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwa ya ragu. In ciwon kai da jiri suka biyo baya, a nemi inuwa, a sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kuma kahin ka bar gida, ka sha ka ƙoshi. Magabata sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

GORAN DUMA

Gora daga gona yake hitowa. A shuka duma da damina, ya nuna, ya bushe. A yanke baki, a hidda ƴaƴa da totuwar ciki. A jiƙa shi kwanaki ana canja ruwa har ɗaci ya hita. A saƙa masa igiya, a yi masa abin toshe baki. Shi ke nan.

Amfaninsa: ba ya cin kuɗɗi. Ba shi da nauyi. Ba ya sa ruwa warin roba, kuma ba ya ɗaukar zahi da sauri. Ƙaramin gora, wato jallo, ya ishi yaro mai kiwon awaki kusa da gari. Babba, wato gyandama, yana kai ruwa gona. In ya tsuhe aka yar, ƙasa ta cinye shi, ba ya cutar dabba.

Aibinsa: ba ya jure faɗuwa. Jaki ya yi tuntuɓe, ko saniya ta taka shi, ruwa ya tahi duka. Gyartai yana ɗinke ƙwarya, amma goran da ya tsage ba ya ƙara riƙe ruwa kamar da. Bakinsa ba ya ruhuwa sosai: tsumma ko totuwar masara da ake toshe shi da su suna kwasar dauɗa. In an bar shi da danshi, cikinsa yakan yi hunhuna. Wanda ya zuba hura cikin gora kuma ya zuba ruwa bai wanke ba, ruwan zai yi tsami.

Gora abokin gajeruwar tahiya ne: gona, kiwo, kasuwar ƙauyen da ke kusa.

SALKA

Salka fatar akuya ce. Ana heɗe ta ba a tsaga cikin ba. A jeme ta da bagaruwa, a ɗaure ƙafahu, a shafa mata man shanu. Wuya shi ne baki. Salkar babbar akuya tana ɗaukar litar 20 zuwa 30.

Da salka Abzinawa suka daɗe suna ratsa Tenere. Daga Agadas zuwa Bilma kilomita wajen 600 ne, rijiyoyi kuwa kaɗan ne tsakani. Ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri da dabino sun yi ɗaruruwan shekaru bisa wannan hanya, ruwansu cikin fata. Abin da ya yi irin wannan aiki ba a rena shi.

Amfaninta na fari shi ne sanyi. Mi ya sa ruwan salka yake da sanyi alhali rana tana ƙuna? Ku lura da jikinku. In kun yi zufa iska ta buso, sai ku ji sanyi. Dalili shi ne, ruwa in zai bushe sai ya kwashi zahi ya tahi da shi. Salka ma zufa take yi. Ruwa yana tsattsahowa ta jikin fata, iska ta busar da shi, zahin ruwan ciki ya ragu. Shi ya sa ake rataye ta cikin inuwa inda iska ke ratsawa, ko ƙarƙashin cikin jaki. Da rani, lokacin da iska take a bushe, sanyin ya hi yawa. Da damina yakan ragu.

Amfani na biyu: tana da taushi. Tana kwanciya bisa jikin dabba, ba ta yi mata miki. In ruwa ya ƙare, a naɗe ta, ba ta cin wuri.

Aibinta na fari yana tare da amfaninta. Sanyin nan ba kyauta ba ne, da ruwa ake biyansa. Duk abin da ya tsattsaho ya bushe, ya hita daga guzurinka. Salkar da aka cika da sahe, ko ba a sha ba, gobe ba za a tarar da ita cike ba. Mai doguwar tahiya ya sa wannan cikin lissahi.

Na biyu: ƙaya tana huda ta, gugar kaya tana cinye ta. In an aje ta ba ruwa ba mai, sai ta bushe ta tsage. Ɓera da kare da gara duk suna son ta.

Na uku: ba a ganin cikinta, hannu kuma ba ya kai ko'ina. In an taɓa cika ta da ruwan tabki, laka takan zauna cikin lungunan ƙafahu. Ruwan kirki da aka zuba daga baya sai ya gamu da tsohuwar dauɗa. Sabuwar salka kuma tana rina ruwa, tana ba shi ɗanɗanon jima. A cika ta a zubar sau da yawa kahin a fara sha.

Yanzu wasu makiyaya suna cika robar cikin tayar babbar mota, wadda ake ce ma shambur, su aza ma jaki. Tana da ƙarhi, tana ɗaukar ruwa da yawa. Amma ba don ruwan sha aka yi ta ba. Baƙa ce, tana shan rana, ruwanta yana warin taya. A bar ta ga shayar da ƙananan bisashe da wanki.

TULU

Tulu ma zufa yake yi kamar salka, don yumɓu yana da ƙananan ƙofohi da ido ba ya gani. Wanda ya sha ruwan sabon tulu na Miriya ya san daɗinsa. Amma tulu nauyi gare shi, kuma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Ba na hanya ba ne. Wurinsa gindin itace a gona: a binne gindinsa cikin rairayi mai danshi, a ruhe baki da faifai, a riƙa kawo masa ruwa da bido.

BIDO

Bido, wanda wasu ke ce ma jarka, shi ne ya cika gari yau. Akwai babba mai ruwan ɗorawa, na man girki, mai litar 20 ko 25. Akwai ƙanana masu litar 4 ko 5.

Amfaninsa: yana faɗuwa bai fashe ba. Ba ya rage ruwa ko ɗigo, in maruhinsa yana da kyau. Ka san abin da ka ɗauka, don an rubuta yawan litar bisa jikinsa. Yana ɗauruwa bisa jaki, amalanke, keke da moto. Bakinsa ƙarami ne, hannu da moɗa ba su shiga, sai dai a tsiyaya. Wannan babban abu ne, don yawancin dauɗar ruwan gida ta hanyar hannu da moɗa take shiga.

Aibinsa: ba ya zufa, saboda haka ruwansa yana zahi kamar an ɗora a wuta. Amma wannan yana da magani. A ɗinke masa rigar buhun algarara ko tsohon bargo, a jiƙa rigar, a rataye shi inda iska ke bugawa. Rigar ce za ta yi zufar. Ga riba biyu: ka samu sanyin salka, ruwan shanka kuwa bai ragu ba. Rigar ana iya jiƙa ta da ruwan da ba a sha, in dai an ruhe baki da kyau tukuna.

Ƙaramin bakin nan da ke hana hannu shiga, shi ne kuma ke hana wanki. In ruwa ya daɗe ciki, cikin bido yakan yi santsi da gansakuka. Mutane sun saba zuba tsakuwa su girgiza. Tsakuwa tana hidda gansakuka, amma tana karce roba, dauɗa kuma ta samu wurin ɓuya cikin karcen. Abin da ya hi shi ne a wanke shi a kai a kai da ruwan sabuni, a girgiza sosai, a ɗauraye da ruwa mai ɗan jabel, a kihe shi ya bushe. Kada a jira sai ya yi kore.

Rana tana cin roba. Bidon da ya shekara bisa rana yakan yi fari, ya yi gautsi, wata rana ya tsage ba zato. In maruhi ya ɓace kuma, ba bido ke nan. Toshe shi da leda ko tsumma ba ya hana yoyo, ba ya hana dauɗa. A ɗaure maruhi da zare a jikin mariƙi.

MI BIDON YA ƊAUKA A DA?

Wannan ita ce tambayar da ta hi duka. Kusan duk bidon da ke hannunmu, wani abu ya fara zama cikinsa kahin ruwa. In man girki ne, ba laihi: ruwan ɗumi da sabuni sun isa. In kuwa maganin ƙwari ne na wake ko na auduga ko na fari, ko maganin kashe haki, to wannan bido ya haramta ga ruwa har abada. Roba tana shan guba. Ko an wanke sau goma, ko wari ya tahi, saura yana nan yana hitowa kaɗan-kaɗan. Haka bidon esansi, gazuwal, man inji da ruwan batir.

Ga inda karatu yake ceton rai. Kahin ka sayi bido a kasuwa, duba takardar da ke jikinsa. In ka ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, guba ce. Takardar maganin ƙwari takan zo da layi mai launi daga ƙasa: ja, ruwan ɗorawa, shuɗi ko kore. Ja ya hi haɗari, amma ko wane launi ne, ba a zuba ruwan sha ciki. In an ɓare takardar, ba ka san asalinsa ba, bar shi. Saye wajen mai sayar da man girki, inda ka ga abin da ya hito ciki, ya hi araha ta banza.

In maganin ƙwari ya ƙare, a ɗauraye bidon sau 3, a juye ɗaurayen cikin famfon da ake watsa maganin. Sannan a huda gindinsa don kada wani ya tsinta ya zuba ruwa. A tambayi ma'aikacin gona inda za a kai shi. Wanda ya sha ruwan irin wannan bido ya ji ciwon kai, jiri, amai, yawan miyau da zufa, a gaggauta kai shi gidan likita, a tahi da bidon don a ga sunan maganin.

Haka kuma, kada a zuba kananzir ko maganin ƙwari cikin butalin ruwa ko na lemu a aje ɗaka. Yaro ba ya tambaya, ɗauka yake ya kai baki.

BUTALIN ROBA, KWALBA DA LEDA

Butalin roba mai haske, na ruwan sayarwa ko na lemu, yana zuwa da rabin litar ko litar 1 da rabi. Ba shi da nauyi, yana shiga jaka, yana ruhuwa gam. Ana ganin ciki: in ruwa ya gurɓace, ido ya shaida.

Aibinsa: yana saurin zahi, sai an yi masa riga kamar bido. Ruwan zahi yana lanƙwasa shi, kada a zuba masa tafasasshen ruwa sai ya huce. Ba ya daɗewa. In ya karce ya yi duhu, a canja. Kuma wanda ake sayarwa a kasuwa, ba a san bakin da ya sha da shi ba, ba a san inda aka tsinto shi ba. A wanke shi da sabuni ciki da waje, har da maruhi da zaren bakin.

Wannan butali yana da wani aiki da sauran ba su iyawa. In ba itacen tafasa ruwa, a cika shi da ruwa garai-garai, a ruhe, a kwantar da shi bisa rana, in da hali bisa kwanon ɗaki. Ya yi awa 6 cikin rana sosai. In akwai hadari ko ƙura ta ruhe rana, kwana 2. Hasken rana yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar zawo. Amma da sharaɗi: butalin ya zama mai haske, ba mai launi ba, kada ya wuce litar 2, ruwan kuma kada ya zama mai laka. Rana ba ta hidda guba.

Kwalba ba ta riƙe wari, tana wankuwa tas. Amma nauyi gare ta, tana fashewa, fasasshiyar kuma tana yanka ƙafa. Ta gida ce.

Ruwan leda rabin litar ne. Yana kashe ƙishirwa a tasha, amma ba guzuri ba ne: yana fashewa cikin kaya, in an huda shi sai a shanye. Ledar da aka yar kuma awaki da shanu suna ci, ta cushe masu ciki, su rame su mutu. A shekarar 2014 gwamnati ta yi dokar hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su. Mu dai kada mu yar da leda inda bisashe ke kiwo.

GORAN ƘARHE DA TARMUS

Goran ƙarhe irin na soja litar 1 yake ɗauka. Yana shekaru bai lalace ba. Yana da riga, in an jiƙa ta ruwa ya yi sanyi. In na ƙarhe ne zalla, ba roba ko fenti a cikinsa, ana iya cire rigar da maruhin a tafasa ruwa ciki. Amma tsada gare shi, kuma litar 1 ba ta kai mutum ko'ina da bazara. Na alminiyon ba ya son tsami: kada hura ko ruwan tsamiya su kwana ciki. Gwangwanin da ke tsatsa kuwa ba abin ruwan sha ba ne.

Tarmus bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zahi ba ya shiga, ba ya hita. Ruwan sanyi ya wuni da sanyinsa, na zahi ya wuni da zahinsa. Yana da amfani ga mai jego da majinyaci da za a kai likita. Amma nauyinsa ya yi yawa bisa ga ɗan ruwan da yake ɗauka. Mai gilashi a ciki faɗuwa ɗaya ke kashe shi. Ba a ɗora tarmus bisa wuta.

RUWAN DA ZA A ZUBA

Bido mai tsabta ba ya gyara ruwa mai dauɗa. Matahiyi kuwa shi ne mai shan ruwan da bai sani ba.

Dattijai sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi tsakiyar damina. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka kore shi. A Disamba 2013 Hukumar Lahiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. Amma a 2024 an samu masu shi a Cadi, saboda haka mai zuwa can kada ya bar tacewa. Kwalara kuwa tana komowa. Ta ɓulla yankin Madarumfa a 2018. A 2021 ta kama dubban mutane a Maraɗi, Damagaram, Tawa da wasu jihohi. Cikin ruwa da abinci take tahiya, matahiyi yana iya kai ta gida.

In an samu famfo ko rijiya mai maruhi, a cika can. In sai ruwan tabki ko gulbi:

1. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama.
2. A tace da ƙyalle mai tsabta, ninki huɗu. Tacewa tana tare laka da kurkunu, ba ta tare kwalara.
3. A tafasa shi, ya yi minti guda yana ɓararraka. Ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a jira minti 30. Ƙwayar iri-iri ce. A karanta takardarta, ko a tambayi ma'aikacin lahiya litar nawa guda ɗaya take gyarawa.

In zawo ya kama wani bisa hanya, butali mai awo yana da rana. Cikin ruwa mai tsabta litar 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai gidan likita.

WACE TAHIYA, WANE ABU?

Mun gani, babu wanda ya ci tambaya huɗu duka. Salka ta hi sanyi, amma tana rage ruwa. Bido ya hi ƙarhi, amma sai an san asalinsa, an yi masa riga. Gora ya hi araha, amma ba ya jure faɗuwa. Saboda haka tahiya ce ke zaɓe.

Zuwa gona ko kiwo kusa da gari: gora ko butali mai riga.

Wuni daji wajen itace, ko kasuwa mai nisa a ƙasa: bido mai litar 5 da riga, da butali guda cikin jaka.

Tahiya da jaki, raƙumi ko amalanke: babban bido don ajiya, salka don shan rana. A riƙa ƙara ma salka daga bido.

Doguwar tahiya cikin mota: bido naka na kanka, da butali a hannu.

Ko wace tahiya ce, kada a zuba ruwa duka wuri guda. Bido biyu masu litar 10 sun hi guda mai litar 20. In ɗaya ya huje, ɗaya yana nan. A fara shan na salka da na gora, a bar na bido ƙarshe, don shi ne ba ya raguwa. A cika su tun daren jiya, a kwantar da su, da sahe a duba ko ƙasa ta jiƙe. Yoyon da aka gani gida ya hi wanda aka gani daji.

Masu zuwa arewa su ƙara kula. A watan Oktoba 2013, motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya, suka lalace cikin hamada, ruwa ya ƙare. An tarar da gawa 92, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Ƙasa duka ta yi zaman makoki na kwana 3. Allah shi jiƙan su. Mota tana lalacewa, direba yana ɓata hanya. Wanda aka ce masa tahiyar kwana 2 ce, ya ɗauki ruwan kwana 4, ya lissafa kowane yaro da ke tare da shi. Kada ya dogara da ruwan mai mota: guntun gatarinka ya hi sari ka ba ni. Ya gaya ma wani hanyar da za a bi da ranar da ya kamata a isa. In mota ta tsaya, a yi inuwa a zauna, kada a yi tahiyar ƙasa da rana tsaka.

LISSAHI

1. Mutum 5 za su yi tahiyar kwana 2. Kowane yana bukatar litar 6 a wuni. Litar nawa ke nan? Bido nawa mai litar 20 za su cika?
2. An aza ma jaki bido 2, kowane litar 25. Kilo nawa na ruwa ya ɗauka?
3. An cika salka da litar 24 da sahe. An sha litar 15. Da marece an auna saura, litar 6. Litar nawa suka tsattsahe?
4. Butali guda litar 1 da rabi ne. Guda 4 litar nawa ne?

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Mi ya sa ruwan salka da na tulu suke da sanyi?
2. Ƙaramin bakin bido yana da amfani, yana da aibi. Ku faɗe su.
3. Ta yaya za a gane bidon da ya taɓa ɗaukar guba?
4. A garinmu, ina ake kai bidon maganin ƙwari in ya ƙare?
5. Har yanzu akwai mai iya yin salka a garinmu? Wa yake koyo wurinsa?

Malam mai koyarwa, in an karanta wannan darasi, a ce kowa ya zo da abin ruwansa ran karatu na gaba. A jera su gaban allo. A auna kowane da butali mai litar 1 da rabi, mai shi ya rubuta yawan litar bisa jikinsa da hannunsa. A karanta takardun da ke jikin kowane bido. Wanda aka tarar na guba ne, a huda shi nan take gaban kowa.

Amsar lissahi tana hitowa cikin jarida ta gaba. Ku rubuto muna yadda kuke yi a garuruwanku, don wasu su ƙaru. Allah shi kai matahiya lahiya, shi maido su lahiya. Amin.